Jaka Ɗaya, Wata Shida: Yadda Ake Haɗa Kayan Doguwar Tafiya

A iyakar Aflao, tsakanin Togo da Gana, na koyi rage kaya. Tasi ta sauke mu da tsakar rana, sauran tafiyar kuma da ƙafa ake yin ta. Ina jan akwati mai taya da hannun dama, Gana-mas-go a hagu, ga jakar kwamfuta a wuya. Ban yi taku hamsin ba tayar akwatin ta cije a rairayi ta ɓalle. 'Yan dako suka yanyame ni, kowa na faɗin nasa farashin. Wani dattijo da muka shigo mota ɗaya, jaka guda a kafaɗarsa sai carbi a hannu, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Samari, tafiya kake yi ko ƙaura?" Na ce, "Baba, ai wata shida zan yi." Ya ce, "To, can inda za ka babu kasuwa ne?"

Bayan wata biyu a Kumasi na zazzage akwatin, na tarar fiye da rabin kayan ko ninkinsu ban warware ba. Tun daga lokacin, aikina na rubutu da fassara a kwamfuta ya zaunar da ni Maraɗi, Yamai, Kwatano, Ngaundare da wasu garuruwan, wata ɗaya nan, wata biyu can, kuma da jakar goyo ɗaya nake yawo. Abin da na fahimta shi ne, tafiyar wata shida kayan mako guda take buƙata. Sauran, wanki da kasuwa ne ke cike su.

Ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Fataken da suka riƙa kai-komo tsakanin Kano da Salaga ta ƙasar Gwanja suna sayo goro, watanni suke yi a hanya. Mangalar jakunansu cike take da haja, amma abin da falke ya ware wa kansa bai wuce buzu, buta, mayafi da ɗan guzuri ba, domin ya san akwai zango a gaba, akwai mai masauki. Unguwannin da ake kira Zango a Gana da Togo har yau, daga nan sunan ya samo asali. Makiyayi ma in zai tashi ruga, abin da takarkari da jaki za su iya ɗauka shi ne iyakar kayan gidansa. Mu da muke da mota da jirgi ne muka fi su tsoron rasa abu a hanya.

Mataki na farko: rubuta hanya kafin ka taɓa kaya

Ɗauki takarda ka jera garuruwan da kake sa ran zama, da watan da za ka kasance a kowanne, da abin da za ka yi a can. Yanayi ne ke yanke hukuncin sutura. Wanda zai yi Disamba da Janairu a Jos ko Agadas zai sha sanyin dare mai shiga ƙashi. Wanda Afrilu zai riska a Sakkwato ko Yamai, zafin da ya haura digiri 40 ke jiransa. Wanda zai yi damina a Kwatano ko Duwala kuwa, matsalarsa damshi ne, rigar da ya wanke yau gobe ma ba ta bushe ba.

Amma kada ka ce za ka haɗa kayan dukkan yanayin nan a jaka ɗaya. Shirya wa wata biyun farko kawai. In hunturu ya same ka a hanya, ka shiga 'yan gwanjo ka sayi rigar sanyi, in ya wuce ka ba wani. Kuɗinta bai kai kuɗin dakon da za ka yi ta biya ba in ka ɗauko ta tun daga gida.

Mataki na biyu: jaka ce ke zaɓar kaya

Yawancin mutane kaya suke fara tarawa, sannan su nemi jakar da za ta ci su. Juya abin. Sayi jakar tukuna, ka ce mata ke ce iyaka. Duk girman jakar da ka ɗauka sai ka cika ta, haka zuciya take.

Jakar goyo mai cin lita 35 zuwa 40 ta isa. Nemi wadda ake buɗe ta gaba ɗaya kamar akwati, domin mai baki a sama kaɗai sai ka kwashe komai kafin ka kai ga abin da ke ƙasa, kuma a shingen kwastan hakan ba ƙaramin ɓata lokaci ba ne. A duba ɗinkin maratayanta, a ja zif ɗin sau da yawa a gaban mai shago, a tabbatar tana da ɗamarar ƙugu mai sauke nauyi daga kafaɗa. Launi mai duhu, marar ƙyalli, wanda ba ya kiran ido.

Akwati mai taya na filin jirgi ne da otal. Ba ya shiri da rairayi, ba ya shiri da taɓo, ba ya hawa acaɓa, kuma shi kansa ba komai a ciki yakan kai kilo 3. Gana-mas-go ba ta da nauyi, amma hannunta na yanka yatsu, zif ɗinta ba ya daɗewa, wasu kamfanonin jiragen sama ma sun daina karɓar ta. Jakar goyo kuwa a cinyarka take zama a mota, ba ruwanka da kuɗin kaya, ba ruwanka da leƙe ta taga duk inda aka tsaya don ganin ko wani ya sauka da taka.

In jirgi na cikin lissafinka, kamfanoni da yawa kilo 7 suke yarda a shiga da shi ciki da tikitin gama-gari, girman jakar kuma kusan santimita 55 a tsawo, 40 a faɗi, 20 a kauri. Akwai ɗan bambanci daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka a duba tikiti. Ƙara wata 'yar jakar rataye siririya ta fasfo, waya da kuɗi, wadda ba ta rabuwa da jikinka ko banɗaki za ka.

Mataki na uku: sutura

Nan ne ake yin asarar kilo mafi yawa, kuma nan ne kunya ke shigowa. Bahaushe ba ya son a gan shi da riga ɗaya kwana biyu a jere. To, a garin da ba a san ka ba, ba mai ƙirga rigunanka.

Ga abin da nake ɗauka: kaftani da wando kala uku, biyu na yadi marar nauyi mai saurin bushewa, ɗaya mai ɗan kyau na Juma'a da ɗaurin aure, domin duk inda ka zauna wata guda sai an gayyace ka wani sha'ani. Riguna masu gajeren hannu biyu, wando ɗaya na zaman gida da barci, singileti uku, gajeren wando huɗu, safa ƙafa biyu. Ɗaya daga cikin kaftanan yana jikina ranar tafiya, don haka biyu ne a jaka. Zaɓi launukan da wandon wannan zai hau rigar waccan, toka, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu. Fari fat yana da kyau, amma tafiyar awa biyu a kan hanyar da ba kwalta ta isa ta mai da shi ja.

Shadda mai maiƙo da babbar riga a bar su a gida. Nauyi gare su, suna cin wuri, ba sa bushewa da wuri, kuma in ba a kai su wurin masu bugu ko guga mai kyau ba sai ka fito kamar wanda aka tono. Hula biyu sun isa: ɗaya mai naɗuwa ta yau da gobe, ɗaya zanna. Don kada zannar ta lotse, cusa safa da singileti a cikinta ta tsaya da ƙafarta, ka ga ka ci riba biyu. Takalmi sau-ciki ɗaya mai daɗin tafiya a ƙafarka, silifas na roba a jaka, na wanka da alwala.

Abin da ba na tafiya ba shi kuwa shi ne ƙyallen rawani, yadi biyu zuwa uku na auduga marar kauri. Shi ne abin rufe hanci in ƙura ta taso, shi ne inuwa, shi ne mayafi a motar dare mai sanyin na'ura, shi ne zanin gado in na ga na masauki bai kwanta mini ba, in na dunƙule shi ya zama matashi. A jirgin ƙasan dare na Ngaundare zuwa Yawunde duk waɗannan ayyukan ya yi mini a tafiya guda.

Ga mata, daga ƙanwata mai zuwa saro kaya na ɗauki darasin. Dogayen riguna uku marasa nauyi, riga da zani na atamfa kala ɗaya na fita unguwa, hijabi biyu, mayafi ɗaya da zai shiga da kowace riga, ɗankwali biyu, da zani guda na daban wanda ke yin aikin da rawani ke yi mini, har da ɗaurin ƙirji zuwa wanka da labule. Leshi mai duwatsu, in ji ta, kilo ne kawai. Kwalli, man shafawa da humra a ɗura su a ƙananan kwalabe. Audugar mata ta wata ɗaya ta wadatar, ana sayar da ita ko'ina.

Mataki na huɗu: wanki

Wanda ba zai yi wanki duk kwana biyu ko uku ba, wannan tsarin ba zai yi masa ba. Sabulun wanki na sanda guda ɗaya, igiya siririya mita huɗu, shi ke nan. Garin sabulu yakan fashe a jaka. Da daddare ka wanke abin da ka cire, ka matse, ka shimfiɗa shi a kan tawul ka naɗe su tare kamar tabarma, ka taka da ƙafa. Tawul ɗin zai tsotse yawancin ruwan, zuwa asuba rigar ta sha iska. Tawul ƙarami siriri nake nufi, ba irin mai kaurin nan da ke kwana uku da danshi ba.

A ƙasashen kurmi kada ka shanya tufafi a ƙasa ko kan ciyawa. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a jikin rigar da ba ta bushe ba, in ka sa ta tsutsar ta huda fata ta zama kamar maruru. Guga mai zafi na kashe ƙwan. Ba sai ka ɗauki dutsen guga ba, kowace unguwa akwai mai wanki da guga.

Mataki na biyar: takardu da kuɗi

Waɗannan ba su da nauyi, amma su kaɗai ne kasuwa ba ta sayar maka in sun ɓata. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, ƙasashe da yawa sharaɗinsu ke nan. Katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kad, ana tambayar sa a iyakoki irin su Seme da Aflao, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Yi rigakafin aƙalla kwana goma kafin tashi, sai bayan nan katin ke fara aiki. Ƙara hotunan fasfo guda shida, da kwafin kowace takarda guda biyu a wuri daban da na asalin, sannan ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka ta imel.

Ɗan ƙasar da ke cikin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, na iya zama kwana 90 a wata ƙasar ƙungiyar ba biza. Dubi hatimin da aka buga maka tun kana gaban jami'in, ka rubuta ranar da wa'adin zai cika. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, Kamaru da Chadi kuwa dama ba sa ciki, don haka a tambayi direbobin da ke bin hanyar a makon, sun fi kowa sanin abin da ake nema a shinge.

Raba kuɗinka gida uku: na kashewa a aljihu, na mako a jakar rataye, na ko-ta-kwana a can ƙasan jakar goyo cikin safa. Sefa iri biyu ce. Ta Nijar, Benin da Togo daban, ta Kamaru da Chadi daban, darajarsu ɗaya amma mai shago a Garwa ba zai karɓi ta Yamai ba. Ka canza kaɗan a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ko makamanciyarta kafin ka tashi don kada 'yan canjin bakin iyaka su same ka a matse. In kuma ɗan Najeriya ne kai, ka koyi ƙirgen Nijar: dala ɗaya sefa 5 ce, in mai tebur a Maraɗi ya ce dala ɗari, 500 yake nufi, jika ɗaya kuma 1,000.

Mataki na shida: kayan wuta

Najeriya da Gana soket mai baki uku masu kusurwa ake amfani da shi, irin na Ingila. Nijar, Benin, Togo, Kamaru da Chadi mai baki biyu zagayayyu ne, irin na Faransa. Adafta ɗaya ƙarama ta raba gardama. Caja guda mai ƙarfin wat 65 mai ramuka biyu ko uku tana cajin waya da yawancin ƙananan kwamfutocin zamani, ka huta da tulin wayoyi. Fawa-bank mai 20,000mAh ya isa, ƙarfinsa kusan 74Wh ne, ƙasa da iyakar 100Wh da jirage suka sa. A jakar hannu ake shiga da shi, ba a sa shi cikin kayan awo, kuma rubutun ƙarfinsa ya kasance yana karantuwa, in ya goge ana iya ƙwace shi. Ƙara 'yar tocila.

Waya mai layi biyu ta fi: ɗaya na ƙasar da kake, ɗaya layinka na gida da banki ke turo lambar sirri ta kansa. Riƙa sa masa ɗan kati kana kira jefi-jefi, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba rufe shi ake yi a ba wani.

Mataki na bakwai: ƙananan abubuwa

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kwalbar nan, gwangwanin can, kafin ka farga sun haɗa kilo biyu. Duk abin ruwa kada ya wuce mililita 100 in za ka shiga jirgi da shi, almakashi da wuƙa da reza kuma ba sa shiga. Sabulun wanka na sanda, buroshi ko asuwaki, ɗan gwangwanin man kaɗanya saboda kaushi da fason hunturu, turare ɗan mitsitsi.

Magani: farasitamol, filasta, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa guda huɗu. In sun ƙare ana haɗawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Zazzaɓi in ya zo a je a yi gwaji kafin a sha magani. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tafi da maganinsa a kwalinsa na asali tare da takardar likita, ya kuma rubuta ainihin sunan sinadarin, domin a kantin magani na ƙasashen renon Faransa sunan kwalin yakan bambanta. Tiramadol da kodin na iya kai mutum gidan yari a Masar da Dubai in ba takarda. Gidan sauro na mutum ɗaya yana cin wuri, amma ni ban taɓa nadamar ɗaukar sa ba.

Sallaya siririya mai naɗuwa, carbi, Alƙur'ani ƙarami ko na waya. Buta kuwa a bar ta, ba masallacin da babu ita, a hanya kuma gorar ruwa na yin aikinta. Guzuri na kwana biyu kawai: dabino, ƙuli-ƙuli, ɗan kilishi, da yaji a ƙaramar kwalba mai gyara kowane irin abincin baƙunta. A sani ba a shiga Turai da Amurka da nama, Saudiyya kuma ta hana goro.

Mataki na takwas: gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin ka tashi, shirya jakar tsaf. Masu nauyi, kamar kwamfuta da caja, su jingina da bayanka a tsakiya. Tufafi a naɗe su kamar tabarma maimakon ninki, a raba su a ƙananan jakunkuna ko leda mai ƙarfi, masu datti da tasu ledar. Abin da za ka nema a hanya ya zauna a sama, tare da babbar leda ɗaya ta rufe jakar in ruwa ya sauko.

Kai ta wurin mai sayar da gas ko mai awon hatsi a ɗora a sikeli. Tawa takan kai kilo 9 in ta mota zan bi. In jirgi ne sai in sa masu nauyin a jiki, caja da fawa-bank su koma jakar rataye. Goya ta ka yi tafiyar rabin awa da rana, ka hau acaɓa da ita. Sannan ka yi makon nan kana rayuwa daga cikinta kaɗai, kada ka buɗe durowa. Abin da ka nema ka rasa, ƙara shi. Abin da ba ka taɓa ba, in ba magani ko takarda ba ne, fitar da shi. Duk abin da ka ji kanka na cewa "ko da za a buƙata", shi ne farkon fita. Bar kashi ɗaya cikin biyar na jakar ba komai.

Mataki na tara: saƙo da tsaraba

Duk wannan shirin, dangi na iya rushe shi a daren tafiya. Ana gobe zan koma Kumasi gwaggona ta aiko a kira ni. Na tarar da ƙullin kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da turmin atamfa biyu. Ta ce, "Ɗan nan, ɗan saƙo ne ba yawa, ka miƙa wa 'yar'uwarka." Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yi mini aikin gafara, jakata ɗaya ce kuma a baya nake goya ta. Amma gobe da sassafe zan kai tasha in ba direban da ke zuwa can, ni zan biya, zai ma riga ni isa." Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Yaran zamani," ta sa mini albarka. Saƙon ya isa, zumunci bai taɓu ba. Ware kuɗin wannan a lissafin tafiyarka tun farko.

Ƙullin da ba ka ga cikinsa ba kuwa, ko na wane ne, kada ka karɓa. An sha kama matafiya a filayen jirgi da ƙwayoyin da ba su san da su ba, kuma "saƙo aka ba ni" ba ta fitar da kowa. In dole ne, a kwance shi a gaban mai shi, ka gani da idonka. A tasha da filin jirgi ma, wanda ya ce ka riƙe masa jaka ya dawo, ka ba shi haƙuri.

Tsaraba a garin ƙarshe ake sayen ta, kwana ɗaya ko biyu kafin a juyo gida. Wanda ya fara saye tun watan farko, wata biyar zai yi yana dakon ta. In ka ga abin da ba za ka iya bari ba, aika shi ta mota a lokacin.

Bayan kowane wata, zazzage jakar a kan gado ka sake tankaɗe. In sabon abu ya shiga, wani ya fita: rigar sanyin da na saya a Damagaram, maigadin masaukina na bar wa ranar da iska ta juya. Abu ɗaya ne na kasa rabuwa da shi duk da ya karya kowace ƙa'idar da na lissafa, 'yar butar shayi ta ƙarfe da ƙananan kofuna biyu. Sau uku ina fitar da ita a daren tafiya, sau uku ina mayar da ita kafin kiran assalatu.